Wai yadda firaminista ke tafiyar da ministocinsa yana shafar zaɓe kuwa?

Mai_Neman_Sani:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Dan Allah masu bibiyar siyasar ƙasashen da ke bin tsarin firaminista ku zo ku raba mu gardama, tun jiya muke abu ɗaya ni da wani abokina kuma har yanzu ba wanda ya sauka. Abin da ya jawo maganar, hira muke kan yadda Boris Johnson ya faɗi a Birtaniya, mutumin da ya ci zaɓen 2019 da rinjayen kujeru 80 amma ko shekara uku ba a yi da zaɓen ba ministocinsa suka watse suka bar shi a tsaye. Sai ni na ce ai laifinsa ne, bai iya riƙe mutanensa ba, kuma abin da ya kai jam'iyyarsa ta Conservative ƙasa kenan a zaɓen 2024. Shi kuma abokin nawa ya ce sam, wai mai jefa ƙuri'a ina ruwansa da abin da ake yi a ɗakin taron ministoci, ko sunan ministoci biyar ba zai iya kawo maka ba, shi dai aljihunsa ya sani, in rayuwa ta yi sauƙi ya sake zaɓenka in ta yi tsada ya kore ka, ko kana zagin ministocinka ko kana goya su a baya.

Gaskiya maganarsa ta ɗan shige ni amma ban yarda duka ba. To tambayata ita ce, firaministan da ke yanke hukunci shi kaɗai da 'yan gaban goshinsa, da wanda ke zama ya saurari kowane minista kafin a tsayar da magana, wanne ya fi daɗewa kuma wanne ya fi cin zaɓe? Ko kuwa duk labari ne, abin ba ya da alaƙa da zaɓe kwata-kwata? A kawo min misalai na gaske dan Allah, don shi abokin nawa ba ya jin magana sai da hujja.

Tsohon_Malami:

Wa alaikumus salam ɗana. Abokinka ya faɗi gaskiya amma rabi. Akwai abu ɗaya da ya manta, a tsarin nan firaminista masu zaɓensa kashi biyu ne, akwai talakawa da ke zuwa rumfa bayan shekara huɗu ko biyar, akwai kuma 'yan majalisar jam'iyyarsa da ke kallonsa kullum safiya. Su na biyun nan ba sa jiran ranar zaɓe. Kuma ministoci daga cikinsu ake ɗebo su, kowane babban minista yana da nasa mutanen a majalisa, yana da mazaɓarsa, da yawansu ma kujerar taka suke hange. Shugaban ƙasa a tsarin Amurka in ya ga dama ya kori ministocinsa duka gobe, wa'adinsa na nan daram. Firaminista kuwa in ya kori mutum, mutumin ba gida zai tafi ba, benci na baya zai koma a cikin majalisa ya zauna yana kallon ƙeyarka da ƙuri'arsa a hannu.

Bari in ba ka labarin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya ta jam'iyyar Conservative, don ni a rediyo na bi shi lokacin yana faruwa. Matar nan ta ci zaɓe sau uku a jere, 1979 da 1983 da 1987, kuma kowa ya san yadda take yi a taro, ita za ta fara faɗin matsayarta sannan ta ce to wa ke da magana. In ka ja da ita sai ta wanke ka tas a gaban abokan aikinka. Muddin tana ciyo musu zaɓe shiru suka yi suna haɗiye. A 1986 Michael Heseltine ya tashi ana tsakiyar taron ministoci ya tattara takardunsa ya fice, ya ajiye muƙamin ministan tsaro kan rikicin wani kamfanin jirage masu saukar ungulu. Ba abin da ya faru, shekara ta zagayo ta sake cin zaɓe. A 1989 ministan kuɗinta Nigel Lawson ya yi murabus saboda ta fi jin maganar wani mai ba ta shawara kan tattalin arziki fiye da tasa, shi da ke riƙe da baitulmali. Nan ma ta wuce.

To amma ga inda abin yake. Shi Lawson ɗin tun 1985 ya yi gargaɗi a rubuce kan harajin kai da take son kawowa, wanda mai kuɗi da talaka za su biya daidai wa daida, ya ce ba zai yiwu ba kuma zai zame musu bala'i a siyasance. Aka yi kunnen uwar shegu da shi. Harajin na dab da fara aiki a Ingila, a ƙarshen Maris 1990 aka yi tarzoma a tsakiyar Landan, farin jinin jam'iyya ya zube. Sai kuma Geoffrey Howe, mutumin da shi kaɗai ya rage mata daga cikin ministocinta na farko na 1979, mutum mai sanyin hali da ta daɗe tana yarfawa a gaban mutane har ta cire shi daga ministan harkokin waje. Ranar 1 ga Nuwamba 1990 ya ajiye aiki, ranar 13 ya miƙe a majalisa cikin wannan muryar tasa mai sanyi ya yi jawabin da ya gama da ita. Washegari Heseltine ya fito takarar shugabancin jam'iyya.

Ka lura fa, ba ta faɗi a ƙuri'ar ba. Ta samu 204 shi ya samu 152, ƙuri'a huɗu kacal suka hana ta cika sharaɗin cinyewa a zagayen farko. Tana Faris ma lokacin wajen wani taro. Da ta dawo sai ta kira ministocinta ɗaya bayan ɗaya ofishinta tana tambayar kowa, kuma kusan duk bakinsu ɗaya, ni dai ina tare da ke amma ba za ki kai ba. Ranar 22 ga Nuwamba ta sanar za ta sauka. Shekara goma sha ɗaya tana mulki, talaka bai taɓa kayar da ita a akwati ba, mutanen da take zama da su a teburi ɗaya su suka yi. Da ɗan gari akan ci gari.

Sai John Major ya hau, mutum mai zagaya teburi yana tambayar ra'ayin kowa, aka soke harajin, a 1992 ya ci zaɓen da kowa ya ɗauka sun faɗi, da ƙuri'a sama da miliyan 14. To ka tambayi abokinka, da a ce tun 1985 akwai wanda ya isa ya ce mata a'a a ɗakin nan ta ji, da aljihun da yake magana a kai ya taɓu haka?

Dan_Adawa:

Baba Malam ranka ya daɗe, labarin ya yi daɗi amma ka tsaya a inda ya yi maka daɗi ne, hhh. Ƙarasa mana labarin Major ɗin mana. Mutumin da ke sauraron kowa ɗin ai shi ne ministocinsa suka raina, zaman 'yan marina aka koma yi a gwamnatin kowa da inda ya sa gaba, musamman kan batun Turai. Har an taɓa naɗar muryarsa a 1993 bai san makirufo na kunne ba yana kiran wasu ministocinsa da shegu. A 1995 abin ya ishe shi ya ajiye shugabancin jam'iyya ya ce duk mai ja ya fito, kuma ministansa ne John Redwood ya fito ya kara da shi. Ya ci da 218 da 89, amma me? 1997 suka sha kayen da ba su taɓa gani ba a zamaninsu, kujeru 165 kawai suka tsira da su. Kuma in ka tambaye ni abin da ya kashe su tun ranar 16 ga Satumba 1992 ne da fam ya faɗi aka fice daga tsarin canjin kuɗin Turai ba shiri, daga ranar mutane suka daina yarda cewa sun iya riƙon tattalin arziki. Ba ruwan wannan da yadda ake zama a teburi.

Wa ya kayar da shi? Tony Blair na jam'iyyar Leba. Shi kuma Blair ai ko Thatcher ba ta kai shi mayar da taron ministoci abin wasa ba, taron ma gajere ne a shiga a fito, ainihin magana a kan kujerar kushin ta ofishinsa ake yanke ta shi da mutum uku ko huɗu, wani lokacin ko mai rubuta bayanin taro babu. Satin farko da hawansu a 1997 aka ba Babban Bankin Ingila 'yancin tsayar da kuɗin ruwa, babban mataki irin wannan, shi da ministan kuɗinsa Gordon Brown suka gama abinsu ba a kai gaban majalisar ministoci ba. Kuma ya ci zaɓe uku, rinjayen 179 a 1997, sama da 160 a 2001. Ga kuma rigimarsa da Brown ɗin wadda duk duniya ta sani, shekara goma suna zaman kishiyoyi ofishin ɗaya a gida mai lamba 10 na ɗayan a lamba 11 a titi guda, jaridu kullum sai sun rubuta, amma mutane suka ci gaba da zaɓensu saboda tattalin arziki na tafiya.

Ni dai a ganina abokin mai tambaya ya fi ku gaskiya. Muna jiran mutum ya faɗi ne sannan mu koma baya mu nemo dalili. In mai kama-karya ya ci sai a ce jarumi ne mai tsayawa kan magana ɗaya, in ya faɗi a ce ai dama ba ya jin shawara. In mai sauraro ya ci a ce dattijo ne, in ya faɗi a ce rago ne ba ya iya tsawatarwa. Hali ɗaya suna biyu, sakamakon zaɓe ne ke zaɓar sunan.

Mai_Neman_Sani:

Kai jama'a, yanzu kuma kun ƙara rikita ni wallahi. Na karanta na Baba na ce shikenan na yi nasara, sai ga Dan_Adawa ya zo ya kwance min zani a kasuwa. Amma Malam Dan_Adawa ina batun Iraƙi? Na ji kamar an ce rinjayen Blair ya ragu sosai bayan yaƙin, wannan ba ya cikin lissafi?

Yar_Tarihi:

Yauwa ɗan'uwa, ka riga ni ne, nan nake son zuwa. Malam Dan_Adawa ya ambaci 1997 da 2001 ya tsallake 2005 da gangan, lol. A 2005 rinjayen ya sauko zuwa 66, kuma kashi 35 cikin ɗari na ƙuri'u kawai Leba ta samu. Cikin ministocin Blair, Robin Cook ya ajiye muƙaminsa a Maris 2003 kafin a fara yaƙin, Clare Short ta bi bayansa a Mayu. Kwamitin Butler da ya binciki bayanan sirri kan makaman Iraƙi a 2004 ya soki wannan salon na yanke magana a zaman hira ba takardu, rahoton binciken yaƙin na Chilcot na 2016 ma ya nuna akwai manyan matakai kan Iraƙi da ba a baje su gaban ministoci an tattauna yadda ya kamata ba. Wato salon da ya yi masa aiki shekara shida shi ne dai ya bar shi ya afka rami ba wanda ya riƙo rigarsa.

Amma ni misalin da ya fi min kowanne fitowa fili shi ne Theresa May a 2017, saboda a nan kam ana tsakiyar kamfe abin ya faru, ba sai an jira shekaru ba. Ta kira zaɓen gaggawa tana gaban Leba da tazarar kusan maki 20 a ƙuri'ar jin ra'ayi, kowa na cewa za ta share fage. Gwamnatinta kuwa kowa ya san mutum biyu ne ke riƙe da ƙofa, masu ba ta shawara Nick Timothy da Fiona Hill, ba zaɓaɓɓu ba ne amma minista sai ya bi ta hannunsu. Aka rubuta kundin manufofin zaɓe a cikin 'yan tsiraru, aka saka wani tsari na cewa tsofaffi masu buƙatar kulawa a gida za a lissafa har da darajar gidansu wajen biyan kuɗin kulawar. Su waye ƙashin bayan jam'iyyar Conservative? Tsofaffi masu gidan kansu! Duk ɗan majalisar da ke ƙwanƙwasa ƙofofi a mazaɓarsa zai gaya maka wannan guba ce cikin minti ɗaya, amma ministoci da dama suka yi ta ƙorafin ba su ga abin ba sai dab da fitar da shi. Kwana huɗu da fitowar kundin ta janye, tana tsaye gaban 'yan jarida tana nanata wai ba abin da ya canza. Ranar 8 ga Yuni ta rasa rinjayen da ta gada, ta dawo da kujeru 317, sai da ta nemi tallafin wata ƙaramar jam'iyya ta Ireland ta Arewa. Kwana biyu bayan zaɓe mutum biyun nan suka ajiye aiki, don 'yan majalisa sun ce ko su ko ita.

To nan mai jefa ƙuri'a bai san sunan Timothy ba, ban musa ba. Amma ya ji zafin abin da Timothy ya rubuta. Ni a wurina amfanin ministoci kenan a siyasance, su ne mutum ashirin da 'yan kai da kowannensu ke da mazaɓar da zai koma ya yi bayani, in ka bi ta kansu kamar ka ɗanɗana abu ne kafin ka miƙa wa jama'a. Mai ba da shawara ba shi da kujerar da zai rasa.

Liz Truss kuma ai ba sai an ja magana ba. Ta hau a Satumba 2022 ta cika majalisar ministocinta da 'yan amshin shata, kusan duk wanda ya goyi bayan abokin takararta Rishi Sunak ta ajiye shi gefe, aka sallami babban sakataren baitulmali, aka fito da rage haraji na kusan fam biliyan 45 ranar 23 ga Satumba ba tare da hasashen hukumar da ke duba kasafi ba. Da bakinta ta amsa a talabijin cewa batun soke harajin masu manyan albashi ba a kai shi gaban majalisar ministoci ba. Kasuwa ta birkice, kuɗin ruwan bashin gida ya tashi, ta kori ministan kuɗin nata Kwasi Kwarteng don ta tsira, ba ta tsira ba. Kwana 49. A zaɓen 2024 jam'iyyar ta koma kujeru 121 cikin 650, ita kanta ta rasa mazaɓarta. Malam Dan_Adawa zai ce ai aljihu ne, eh aljihu ne, amma wa ya huda aljihun kuma a wane ɗaki aka yanke shawarar hudawa?

Na Boris da ka fara da shi kuwa akwai wani abin dariya a ciki. Ranar 5 ga Yuli 2022 ministan lafiya Sajid Javid da ministan kuɗi Sunak suka yi murabus kusan lokaci ɗaya, a daren ya naɗa Nadhim Zahawi sabon ministan kuɗi, ranar 7 shi Zahawin da ko kujerar bai ɗumama ba ya fito fili ya ce masa ya sauka. Sama da mutum 50 suka ajiye muƙamai cikin kwana biyu, har ta kai ba shi da isassun mutanen da zai cike guraben. Kuma wata ɗaya kafin nan ya tsallake ƙuri'ar yankan ƙauna ta 'yan jam'iyyarsa da 211 da 148. Abin da ya ƙona ransu shi ne a tura ka gidan rediyo da safe ka kare magana, kafin azahar ta bayyana maganar ba haka take ba, kai ka zama maƙaryaci a idon mazaɓarka. Sau nawa mutum zai jure wannan?

Na_Gefe:

Ku duk kun maƙale a Landan kamar nan kaɗai ake da firaminista. Ku leƙa Ostireliya ku sha kallo, can ne ake yin abin ba kunya. Kevin Rudd ya ci zaɓen 2007 da farin jini sosai, sai ya koma tafiyar da gwamnati shi da mutum uku, Julia Gillard da Wayne Swan da Lindsay Tanner, sauran ministoci sai dai su ji a sama, takardu su taru a ofishinsa ba a sa hannu ba. Yuni 2010 cikin dare ɗaya jam'iyya ta juya masa baya, da ya ƙirga ya ga ba shi da mutane ko tsayawa ƙuri'ar bai yi ba, Gillard ta hau. To amma ga inda maganar Dan_Adawa ke da ƙarfi, jama'a ba su san me ake ciki ba, su dai sun kwanta da firaministan da suka zaɓa sun tashi da wata, ba wanda ya yi musu bayani. Aka je zaɓe a Agusta aka tashi kujeru 72 da 72, ta sha da ƙyar da taimakon 'yan indifenda. Shi kuma Rudd yana benci na baya yana jiran ranarsa, 2013 ya dawo ya ture ta, watanni kaɗan suka sha kaye hannun Tony Abbott. Shi ma Abbott shekara biyu nasa suka ture shi, ana ƙorafin shugabar ma'aikatan ofishinsa ta fi ministoci ƙarfi. Wato cire shugaban da ba ya jin shawara ma yana da nasa farashin, wani lokaci a ci riba kamar 1992 a Birtaniya wani lokaci a yi asara.

Kuma ku kwatanta da Bob Hawke a ƙasar dai, wanda ake yawan misali da shi wajen sakar wa ministoci mara su yi aikinsu shi yana shugabantar zama, zaɓe huɗu ya ci daga 1983 zuwa 1990. Duk da haka tsohon ministan kuɗinsa Paul Keating ne ya ture shi a ƙarshen 1991. Don haka Baba Malam, sauraro ma ba laya ba ce.

Indiya kuma wani karatun ne daban. Indira Gandhi ta sa aka ayyana dokar ta-ɓaci daren 25 ga Yuni 1975, ministocinta sai da safe aka tara su aka gaya musu abin da an riga an gama. Da ta kira zaɓe a 1977 ɗaya daga cikin manyan ministocinta Jagjivan Ram ya fice ya haɗe da 'yan adawa, ta faɗi har da kujerarta. Amma 1980 ta dawo da ƙarfinta, ba ta canza hali ba. Narendra Modi kowa ya san komai daga ofishinsa yake fitowa, ya ci kujeru 282 a 2014 ya ƙara zuwa 303 a 2019, sai a 2024 ya sauko 240 alhali ana buƙatar 272, dole ya jingina da ƙananan jam'iyyu. Wanda Modi ya gada kuma, Manmohan Singh na jam'iyyar Congress, matsalarsa akasin haka ce, shi ne firaminista amma jam'iyya na hannun Sonia Gandhi, minista ya san ba kai ka ba shi kujera ba to yaya za ka tsawata masa? 2014 jam'iyyar Congress ta tashi da kujeru 44. Irin wannan rabuwar ta kujerar gwamnati a hannun wani jam'iyya a hannun wani ai ko zamanin Tafawa Ɓalewa an gan ta, shi ne firaminista amma Sardauna ne shugaban NPC.

Sannan duk maganar da kuke yi ta gwamnatin jam'iyya ɗaya ce. In gwamnatin haɗaka ce ministan ma ba naka ba ne, aro aka ba ka. Olaf Scholz a Jamus, shi ba firaminista ake ce masa ba amma aikin ɗaya ne, ya kori ministan kuɗinsa Christian Lindner a Nuwamba 2024, a ranar gwamnati ta rushe don Lindner shugaban jam'iyyar ƙawance ne. Aka je zaɓe a Fabrairu 2025, jam'iyyar Scholz ta samu kashi 16 da ɗoriya, ta Lindner ko kashi 5 da ake buƙata don shiga majalisa ba ta kai ba. Shekara uku suna faɗa a bainar jama'a, jama'a suka hukunta su duka biyun.

Tsohon_Malami:

Na_Gefe Allah ya yi maka albarka, ka faɗaɗa mana. Ni ban ce sauraro laya ba ce, kuma Dan_Adawa na karɓi gyaranka kan Major, zagaya teburi ba tare da ka iya rufe magana ba shi ma ciwo ne. Wanda nake ganin ya haɗa biyun shi ne Clement Attlee na jam'iyyar Leba a Birtaniya, 1945 zuwa 1951. Mutum ne marar yawan magana, ga manyan giwaye a gwamnatinsa irin su Ernest Bevin da Herbert Morrison da Aneurin Bevan waɗanda wasunsu ko ga maciji ba sa yi, amma yakan bar kowa ya faɗi nasa a taƙaice sannan ya tattara ya ce ga abin da aka tsayar, a wuce na gaba. Da haka aka kafa hukumar lafiya ta ƙasa a 1948. To shi ma da tsofaffin suka fara ciwo suna mutuwa, yana kwance a asibiti a Afrilu 1951 rikici ya ɓarke kan sa wa mutane kuɗin tabarau da haƙoran roba, Bevan ya yi murabus Harold Wilson ya bi shi. Oktoba suka rasa mulki, duk da cewa a yawan ƙuri'u sun fi Conservative.

Kuma kar a ɗauka garambawul na gyara komai. Harold Macmillan a Yuli 1962 ya ga farin jini na raguwa ya kori ministoci bakwai a tashi ɗaya, kashi ɗaya cikin uku na majalisar, har da ministan kuɗi, don ya nuna ƙarfi. Jama'a suka fassara shi da firgita.

Dan_Adawa:

To na ji, 'yar'uwa Yar_Tarihi kin kama ni a 2005 da 2017, ban da ta cewa a nan. Amma bari in bar muku Kanada ku yi ta fama da ita. Disamba 2024 Chrystia Freeland ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a ranar da ya kamata ta gabatar da bayanin tattalin arziki, ta saki wasiƙa mai zafi, cikin sati uku Justin Trudeau ya sanar zai sauka. Lokacin jam'iyyarsu ta Liberal na baya da tazarar kusan maki 20, kowa ya gama yi musu jana'iza. Mark Carney ya karɓa a Maris, Afrilu 2025 suka ci zaɓe, shugaban adawar ma ya rasa kujerarsa. Ku za ku ce murabus ɗin Freeland ne ya cece su don ya tilasta canjin shugaba. Ni kuma na ce Donald Trump ne da harajinsa da maganar mayar da Kanada jiha ta 51. Kowa ya kawo hujjar da za ta raba biyun in gani.

Mai_Neman_Sani:

Na gode ƙwarai jama'a, Baba Malam Allah ya ƙara girma. Na tura wa abokin nawa duka ya karanta, ya ce shi Dan_Adawa kaɗai ya yi magana a cikinku, hhh. Amma ya yi shiru da na tambaye shi batun kundin Theresa May, ya ce sai ya bincika tukuna. Na_Gefe dan Allah in ka dawo ka ɗan yi min bayanin Scott Morrison na Ostireliya, na ga an ce ya naɗa kansa a ma'aikatu biyar a asirce har wasu ministocin da ke riƙe da su ba su sani ba, kuma sai bayan ya faɗi zaɓen 2022 abin ya fito. Ta yaya hakan ma ya yiwu ba wanda ya ji?